Wace mita zan saya, kuma yaya ake lissafin wat da om?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum manyanmu. Ina koyon wayarin a wurin ogana. Wata Hajiya ta tambaye ni ko inbatarta mai ƙarfin 1kVA (bolt-amfiya dubu ɗaya) da batir ɗaya na bolt 12 za ta ɗauki dutsen guga, na ce sai na tambaya. Don Allah a nuna min lissafin, a kuma ba ni shawarar mitar auna bolt, amfiya da om da zan saya. Aljihun dai ba nauyi.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam. Riƙe biyun nan. Bolt sau amfiya shi ne wat. Bolt a raba da amfiya shi ne om, wato turjiyar abin, kuma wannan ita ce dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827. Duba rubutun da ke jikin dutsen gugan. In an sa wat 1000, raba da bolt 230 na soket, ka samu amfiya 4.3. Sake raba 230 da 4.3, turjiyarsa wajen om 53 ke nan.

Oga Mai Sola: Allah ya ƙara basira Malam, amma wannan lissafin gefen soket ne. Ƙanena, koma gefen batir. Wat 1000 ɗin nan daga bolt 12 za su fito, ka ga amfiya 83 ke nan, ba a ma sa abin da inbatar ke ci da kanta ba. Sannan yawancin masu 1kVA ɗin nan wat 800 ne iyakarsu. Ka ce wa Hajiya ta yi haƙuri, ko ta jira wuta ko ta hura gawayi. In ta matsa, inbatar ta yi ta kuka tana yankewa, batirin kuma ya mutu tun bai tsufa ba.

Ɗan Koyo: Shi ya sa wayar batir take da kauri haka?

Oga Mai Sola: Yauwa. Zafin da waya ke yi amfiya sau amfiya ne sau turjiyarta. Ka ninka amfiya biyu, zafi ya ninka huɗu. Dalilin da muke kai babban aiki bolt 24 ko 48 ke nan. Batun mita kuwa, nemi irin mai baki wadda ake maƙala wa waya, ba sai ka yanke layi ba. Ta kamfanin Fluke ta fi, amma kuɗinta sai manya. Ta kamfanin UNI-T ta ishe ka. Ka dai tabbatar bakin yana karanta amfiyar DC, wato wutar batir, don masu arahar AC, wutar soket, kaɗai suke gani, a kan batir sifili za su nuna maka.

Mai Gyaran Rediyo: Ni da 'yar rawayar nan DT830 nake cin abinci, kuma a kan rediyo da caja ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sai dai ban yarda yaro ya riƙa cusa ta a babban layi ba. In ka je Sabon Gari, tafi da ƙaramin batir a aljihu, ka gwada a gaban mai shago kafin ka miƙa kuɗi. Kuma ka kiyaye: kada ka auna om a layin da ke da wuta, kada ka bar jan tsinken mitar a raminta na auna amfiya (10A) ka soka a soket. Tartsatsin da za ka gani ba na wasa ba ne.

Na Maraɗi: Ku fulogin naku mai ƙafa uku akwai fis ɗin amfiya 13 a ciki, wajen wat 3000 ke nan kafin ya tsinke. Namu mai zagayayyun ƙafafu babu fis, don haka mu lissafin nan dole ne.





Ɗan Koyo: Malam, na ari mitar oga na auna ƙwan wat 60 irin na da, ta ba ni om 65. Lissafi kuma ya ba ni wajen 880. Mitar ce ta lalace?

Malamin Fiziks: Lafiyarta ƙalau. Zaren ƙwan a sanyi ka auna. In ya yi ja, turjiyarsa kan ninka fiye da sau goma, 880 ɗin ta lokacin da yake ci ce. Shi ya sa irin ƙwan nan ya fi mutuwa daidai lokacin kunnawa. Dutsen guga da hita ba sa canzawa sosai, su lissafi da mita kan zo kusa. Gwada wannan ma: ranar da wuta ta zo a bolt 180, yi 180 sau 180 ka raba da 53, za ka ga dutsen nan na wat 1000 ya koma wajen 610.

Oga Mai Sola: Amma kada ka kai wannan kan firiza ko injin ruwa. Su in bolt ya faɗi ƙara jan amfiya suke yi har kwail ya ƙone. Turo min hoton bayan inbatar Hajiyar in ga abin da aka rubuta.