Zan je taron masu tara wuƙaƙen aljihu a Titusville, me ya kamata in shirya?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum manyanmu. Ina da niyyar halartar taron shekara-shekara da kamfanin Great Eastern Cutlery ke yi a masana'antarsa da ke Titusville, jihar Pennsylvania a Amurka, wanda suke kira Rendezvous. Biza tana hannu. Abin da nake son sani: ta ina ake shiga garin, me zan riƙe, yaya zan duba wuƙa kafin in biya don kada a sayar mini da gyararriya a kuɗin sabuwa, sannan yaya zan dawo da su Kano ba tare da an ƙwace a filin jirgi ba? Allah ya saka da alheri.

Mai Dutsen Washi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da masauki tun kafin tikitin jirgi. Titusville ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi dubu biyar da 'yan kai ba, kuma ɗakunan kwana kan ƙare da zarar kamfanin ya sanar da ranakun taron. In ka rasa a cikin gari, nemi Oil City ko Franklin ko Meadville, duk suna kusa. Ka sauka a filin jirgin Pittsburgh ka ɗauki hayar mota, tafiyar kimanin awa 2 ce. Daga Erie kuma kamar awa 1. Kada ka dogara da motar haya ta waya, a irin wannan ƙauyen sai ka yi ta jira.

Babban abin da ke tara mutane shi ne wuƙar da ake ƙerawa musamman don taron, 'yan kaɗan ake yi, a kantin masana'antar ake sayarwa, kuma layi ake bi. Akwai masu kafa kujera tun dare. Don haka ka riƙe kujerar naɗewa, ruwan sha da rigar ruwa. Ka riƙe tsabar dala ƙanana, 5, 10 da 20, saboda cinikin da ake yi tsakanin masu tarawa hannu da hannu ne. A kanti kuwa ka tuna za a ɗora maka harajin jiha kashi 6 cikin ɗari a kan farashin da ke rubuce.

Kada zumuɗin saye ya hana ka zagayen cikin masana'antar. Nan za ka ga yadda ake rina ƙashin shanu, a sassaƙa masa zane, a daidaita sifirin (ƙarfen bayan ƙota da ke riƙe ruwan wuƙar a buɗe ko a rufe) da hannu. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya sake duba wuƙa kamar da.

Tsohon Maƙeri

Ƙanena, maganar dubawa ita ce mai tsawo, don haka ka yi haƙuri da ni. Kayan aikinka uku ne: ƙaramar tocila, madubin ƙara girma mai ninki 10, da ƙyalle mai laushi.

Tun wuƙar tana rufe, juya bayanta ka ɗaga ta saitin haske. Tsakanin sifirin da fallayen tagullar da ke gefensa bai kamata haske ya ratsa sosai ba. Siririn haske kamar gashi ba laifi ba ne a aikin hannu, amma in farcenka na shiga, ƙusar tsakiya ta saki ko an taɓa kwance wuƙar. Sai ka leƙa ta sama ka ga ko ruwan wuƙar ya kwanta a tsakiya. In ya karkata har yana gogar gefe, za ka ga tabon gugar a jikinsa. Shafa yatsa a hankali ta wajen tsinin: in tsinin ya leƙo sama da ƙota, wata rana zai yanke ka a aljihu, kuma yawanci alama ce an wasa wuƙar har cikinta ya cinye.

Yanzu buɗe ta da farce. Masu tarawa suna auna ƙarfin sifirin daga 1 zuwa 10, suna ɗaukar wuƙar sojan Suwizalan ta Victorinox a matsayin 5. Daga 5 zuwa 7 ya yi daidai, 8 zuwa sama kuwa mai karya farce ce. Ruwan ya tafi sumul ba tare da ƙarar yashi ba, in mai tsayawa a rabi ce ta tsaya daram, sannan ta ƙarasa buɗewa da ƙara, ƙas. In ta buɗe shiru kamar mai jin barci, sifirin ya gaji ko gindin ruwan ya lashe, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an kwance ta gaba ɗaya. Tana buɗe ka kama bayan ruwan ka girgiza hagu da dama. Motsi ko kaɗan na nufin ƙusar gaba ta yi sako-sako. Haska kaifin da tocila: in ka ga wani ɗan wuri yana ƙyalli kusa da ciki, kaifin yana dukan sifirin duk lokacin da aka rufe, kuma komai wasawarka zai dawo.

Ƙota kuma, sa madubi a kan kowace ƙusa. Ƙashi da ƙahon barewa a nan suke fara tsagewa, don a nan aka buga guduma. Tsaga ɗaya tana rage daraja ƙwarai.

Sai hatimin da ke gindin ruwan, wanda shi ne takardar haihuwar wuƙa. A wuƙaƙen Great Eastern yawanci lamba shida ce. A ce ka ga 735108: 73 samfurin ƙota ne, 5 siffar babban ruwan, 1 yawan ruwa, 08 kuma shekarar 2008. Kamfanin a 2006 aka kafa shi, don haka duk wanda ya ce maka tasa ta gado ce tun zamanin kaka, ka wuce kawai. Na kamfanin Case tsarinsa daban. A 6254, 6 na nufin ƙota mai sassaƙen zane, ta ƙashi ko ta roba, 2 ruwa biyu, 54 samfurin Trapper. Shekara kuma da ɗigo ake gane ta: sun sa ɗigo 10 a 1970, suna cire ɗaya kowace shekara, ke nan mai ɗigo 8 ta 1972 ce in hatimin na shekarun 1970 ne, don a 1980 sun sake farawa daga 10. In lambar ta ce ruwa biyu ka ga ɗaya, haɗin gambiza ce.

Wadda na fi jin tsoro ga sabon shiga ita ce tsohuwar wuƙa mai sheƙi kamar madubi. Injin gogewa yana cinye kusurwoyi, ya sa harufan hatimi su yi faɗi su dushe, ramin farce ya yi laushi. Tsohuwa mai duhun shekaru da ba a taɓa ba ta fi ta daraja nesa.

Hajiya Mai Kanti

Baba ya gama magana a kan dubawa. Zan ƙara ladabin tebur, don da shi ake gane baƙo. Ba a ɗaukar wuƙa sai an nemi izini. In mai ruwa biyu ce ko uku, buɗe ɗaya ka rufe kafin ka taɓa na gaba, saboda sau da yawa ruwa biyu kan sifirin ɗaya suke, buɗe su rabi-rabi a tare yana iya karya shi. Kada ka sake ta ta rufe da ƙarfi, raka ta da yatsu. Yadda aka miƙo maka, a buɗe ko a rufe, haka za ka mayar, kuma ka goge wurin da ka taɓa, don gumin hannu yana barin tabo a ƙarfen cikin ɗan lokaci. Tayi halas ne tsakanin masu tarawa, amma ba irin na Kantin Kwari ba. Wanda aka taya wa rabin kuɗi yakan ɗauka raini ne. Ka kuma je da wuƙa biyu ko uku na musaya, akwai wanda ba zai sayar ba amma zai yi canji.

Kwalin zagaye da wuƙar ke zuwa a ciki, da takardar da aka naɗe ta, kada ka yar don rage kaya. Lambar da ke jikin kwalin ta dace da ta hatimi, kuma wuƙar da ta rabu da kwalinta kuɗinta ya ragu.

Mai Dutsen Washi

Na manta da maganar jirgi. Wuƙar aljihu kowace iri ba ta shiga jakar hannu a Amurka, komai ƙanƙantarta, sai akwatin da za a auna. Rufe kowace, naɗe ta, ka jera su a tsakiyar kaya tare da rasit. Duba aljihunka da makullan mota kafin layin bincike, nan aka fi yin asara. Kada ka sayi mai ƙotar hauren giwa ko ɓawon kunkuru ko da an ce tsohuwa ce, yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji ta hana ƙetare iyaka da su ba tare da takardu ba, kwastan za su karɓe.

Tsohon Maƙeri

Saura ajiya in ka iso gida. Wuƙaƙen Great Eastern da ke ɗauke da sunan Tidioute da Northfield da ƙarfen 1095 ake yin su, yana ɗaukar kaifi da kyau amma ba ya jure laima. Da damina, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a mahaɗa, ka shafa siririn mai a ruwan duk wata. Wadda za ka yanka abinci da ita, sa mata farin man mineral na kantin magani. Man gyaɗa kada ya kusance ta, daskarewa yake yi ya zama danƙo. Kada ka bar ta cikin kuben fata, fata tana riƙe danshi kuma tana sa tagulla ta yi kore. Da hunturu kuma ƙashi ne ke shan wahala, bushewar iska tana sa shi ya tsuke ya tsage a bakin ƙusa, don haka ka shafa masa man mineral kaɗan kafin sanyi ya shigo, ka nisanta shi da rana.

In ka sayo tsohuwa mai ƙotar seluloyid, wato waccan roba mai launi kamar alewa, ware mata wuri ita kaɗai a buɗe. In ta fara lalacewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, alamarta tsatsa a ɓangaren ruwan da ya leƙo waje da ƙota mai tsukewa, kuma takan lalata duk wuƙaƙen da ke akwati ɗaya da ita.

Sabon Shiga

Na gode Baba, na gode Hajiya, Malam Allah ya ƙara sani. Na kama ɗaki a Meadville yanzu. Madubin mai ninki 10 zan nema wurin masu gyaran agogo kafin in tashi.