Shawarwarin masu gyara kan haɗa na'urorin rarraba kira ta layin E1

A tattaunawar da masu haɗa wayoyin ofisoshi suka yi, batun agogo, wato siginar da ke daidaita lokacin aika saƙo tsakanin na'urori biyu, shi ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma a ganina ya cancanci haka. Layin E1, wanda ake amfani da shi a Turai da Najeriya, yana ɗauke da tashoshi 32: 30 na magana, ta 0 ta daidaita tafiyar saƙo, ta 16 kuma ta kafa kira. Dole ne na'ura ɗaya ta ba da agogo, ɗayar ta bi ta, domin idan kowacce ta bi nata, za a riƙa jin ƙas-ƙas a kunne, takardar fakis ta fito a yanke, kira kuma ya tsinke ana tsakiyar magana.

Sun ce kafin a zargi manhaja a duba kebul, saboda haɗa na'ura da na'ura kai-tsaye yana buƙatar a musanya wayoyin cikin kebul ɗin, na 1 da 2 su yi musayar gurbi da na 4 da 5. Idan jar fitilar gargaɗi da ke jikin na'urar ta ƙi mutuwa, a mayar wa na'urar da saƙonta don a gane ɓangaren da ke da laifi, sannan a tabbatar da saitin CRC4, wato hanyar gano kuskure a cikin saƙo, ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu.