Sassauta bashi don a kare teku: taimako ne ko jingina?

Malam Ila, Maraɗi:

Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa an sassauta wa ƙasar Seshels bashi bisa sharaɗin ta killace wani yanki na tekunta. Abin ya tsaya mini a rai, domin a wurinmu idan mai bin ka bashi ya ce zai sassauta maka, amma da sharaɗin shi ne zai faɗi yadda za ka yi da gonarka, jingina muke ganin an yi. Ina roƙon masana su yi mini bayani. Sannan mu 'yan Nijar da ba mu da gaɓar teku, ina ruwanmu da wannan batu?

Abu Safiyya, Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam Ila. Seshels ƙasa ce ta tsibirai 115 a Tekun Indiya, mutanenta ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, amma ruwan da ke ƙarƙashin ikonta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.3, kuma da kifin tuna da masu yawon buɗe ido take rayuwa. A shekarar 2008 ta kasa biyan bashin da ke kanta. A 2016, da taimakon ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy, aka sayi kimanin dala miliyan 21 na bashin da ƙasashen Kulob ɗin Faris, wato ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, suke bin ta, aka mayar da biyansa ga wani asusu na cikin gida mai suna SeyCCAT, wanda ke zuba wani kaso na kuɗin a ayyukan kare teku. Ita kuma ta yi alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na ruwanta, ta kuma cika alkawarin a 2020. A 2018 ta sayar da takardun lamuni na dala miliyan 15 don raya kamun kifi, Bankin Duniya ya tsaya mata.

A ganina ba jingina ba ce, domin tekun bai fita daga hannun ƙasar ba, kuma ba duka yankin aka hana kamun kifi a cikinsa ba. An raba shi ne, wani sashe an tsaurara, wani kuma ana kamun kifi bisa ƙa'ida. Inda nake da ja shi ne kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da dukan bashin ƙasar, amma yabon da aka sha ya fi ƙarfin abin da aka bayar.

Hajiya Rabi, Tema:

Malam Abu Safiyya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai shata iyaka a taswira abu ne mai sauƙi, tsaron ta ne aiki. Ni sana'ata sayar da kifi ce a nan Gana, kuma a idona ƙananan kifayen da talaka yake miya da su suka ja baya. Akwai abin da ake kira saiko: manyan jiragen kamun kifi suna kwashe ƙananan kifayen da hakkin masu kwalekwale ne, su daskarar da su, su sayar a tsakiyar teku ba tare da an rubuta ko kilo ɗaya ba. A 2021 Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi saboda kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba. Gwamnati ta sha rufe teku na wani lokaci a shekara don kifi ya hayayyafa, masunta su zauna a gida ba ko sisi, mu ma kasuwa ta mutu. Idan an buɗe kuma babban jirgi ya riga kowa, to wahalar wa aka sha?

Saboda haka duk mai son taimaka mana, ya fara da jiragen sintiri, da na'urorin bin sawun jirage, da albashin jami'an da za su iya ƙin cin hanci. Haka kuma a tuna da gaɓar kanta: a garin Keta na nan Gana teku ya cinye gidaje masu yawa, kuma cikin dalilan akwai madatsar Akosombo, wadda tun 1965 take tare yashin da Kogin Bolta yake kaiwa bakin teku.

Barista Nura, Abuja:

Bari in ɗauki rabin tambayar na biyu. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982, wadda ta fara aiki a 1994, ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon albarkatun da ke cikin mil 200 na ruwa. Ƙasan tekun da ke bayan iyakokin ƙasashe kuwa ta ayyana shi a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya, kuma ta fito fili ta ce har da ƙasashen da ba su da gaɓa. Nijar ta amince da yarjejeniyar a 2013, don haka tana da kujera a hukumar kula da ƙasan teku da ke Kingiston a Jamaika.

Abin da ake rububi a kansa shi ne wasu dunƙulallun duwatsu masu kama da dankali, cike da ma'adinai irin su manganis da nikel da kobal da tagulla, a zurfin da ya haura mita 4,000 a Tekun Fasifik. A 2021 ƙaramar ƙasar Nauru ta matsa lamba a gaggauta kammala dokokin haƙa, wasu ƙasashe kuma suka ce a dakata tukuna har a san irin ɓarnar da za a yi. Wanda bai je zaman ba, a bayan idonsa za a yanke yadda za a raba riba. Kuma kamfanonin da aka ba lasisin bincike wajibi ne su horar da 'yan ƙasashe masu tasowa, guraben da matasanmu masu karatun ilimin ƙasa ya kamata su nema. Ban da wannan, Malam Ila, ɗanyen man Agadem na Nijar ma ta bututu yake gangarawa har Seme a gaɓar Binin kafin ya shiga jirgi.

Malam Ila, Maraɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya, ina da sauran tambaya: a watan da ake rufe teku, akwai wani tallafi da masunta suke samu, ko bashi suke ci a wurinku har a buɗe?