Wai da gaske A.R. Rahman yaron Ilaiyaraaja ne?

Sagir:
Salam jama'a. Don Allah masana finafinan Indiya ku fitar da ni daga duhu, na ji ana cewa A.R. Rahman a hannun wani Ilaiyaraaja ya taso, wai ma shi ne ubangidansa. To in haka ne me ya sa mu ba mu san shi ba, sai yaron kawai muke ji?

Kawu Bala:
Wa alaikumus salam ɗana. Da gaskiya a maganar amma an ɗan ƙara mata gishiri. Mahaifin Rahman, R.K. Shekhar, shi ma mai haɗa kiɗan fim ne a ɓangaren finafinan yaren Malayalam na kudancin Indiya, ya rasu Rahman yana ɗan shekara 9, har ta kai gidan suna ba da hayar kayan kiɗan marigayin don su samu na abinci. Wannan ne ya sa yaron ya fara bin ƙungiyoyin makaɗa yana danna musu kibod tun yana ƙarami, lokacin ma sunansa Dileep Kumar bai musulunta ba, kuma cikin waɗanda ya yi wa aiki har da Ilaiyaraaja. Ka ga ma'aikacinsa ne, ba wai shi ya raine shi ba.

Shi kuwa dattijo Ilaiyaraaja ai ba ƙaramin mutum ba ne. An haife shi 1943 a wani ƙauye Pannaipuram a jihar Tamil Nadu, fim ɗinsa na farko Annakili 1976, ya ɗauko kiɗan mutanen karkara, na manoma da na biki, ya haɗa shi da goge da jita irin na Turawa alhali a lokacin ba a saba jin haka a sinima ba. Ya yi wa fim sama da 1,000 kiɗa. Mutum ne da zai zauna gaban harmoniyam ɗinsa (wani kayan kiɗa mai madannai kamar kibod) ya kalli sin sau ɗaya, ya ɗau biro ya rubuta wa kowane makaɗi abin da zai buga a takarda, a raba musu, a shiga ɗauka.

Maman Hanif:
Kawu ka manta babban dalilin, yare ne kawai. Yawancin aikin Ilaiyaraaja da Tamil da Telugu da Kannada da Malayalam ne, mu kuma na Hindi muka fi kallo. Rahman ma da ya tsaya a kudu da ba mu san shi ba, Roja 1992 da Tamil aka yi shi, sai da aka juya shi zuwa Hindi sannan duk Indiya ta ɗauka, daga nan Rangeela 1995, Dil Se 1998, sai Oscar guda biyu a 2009 ta ƙarasa komai. Kuma fa daraktan Roja, Mani Ratnam, da Ilaiyaraaja yake aiki har zuwa Thalapathi 1991, kawai sai ya koma wajen sabon yaro mai kiɗan tallace-tallace, wato Rahman. Har yau magoya bayan dattijon abin na musu ciwo.

Sagir:
Allah ya saka Anti. To yanzu Ilaiyaraaja ya daina ne ko yana nan?

Kawu Bala:
Ina fa! Yana nan daram, 2022 aka naɗa shi ɗan majalisar Rajya Sabha, wato majalisar dattawan Indiya, a watan Maris 2025 kuma ya je Landan aka buga wani dogon kiɗa da ya rubuta wa cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, yana sama da shekara 80.

Usy:
Ni dai Kawu inda ban ji daɗinsa ba shi ne 2017 da ya aika wa mawaƙi S.P. Balasubrahmanyam (SPB) takardar lauya kan ya daina rera waƙoƙinsa a wasa sai da izini, mutumin da suka yi shekaru suna tare haba.

Maman Hanif:
Haƙƙinsa ne fa Usy, masu shirya wasan tikiti suke sayarwa ba kyauta ake shiga ba. Kuma ai sun shirya tun kafin SPB ya rasu a 2020.