Lupus na jarirai: ya taɓa samun 'yata, yanzu ina da wani cikin

Maman Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wadda ta taɓa shiga irin halin da nake ciki, ko ma'aikaciyar lafiya da za ta warware min zancen nan da Hausa.

'Yata ta fari lafiya lau na haife ta. Bayan suna sai wasu jajayen tabbai masu zagaye suka fara fito mata a goshi da kewayen ido, har cikin gashin kai. Duk wanda ya gani sai ya ce makero ne. Aka yi ta shafa magani, babu sauƙi. Ga kakarta kullum da safe tana fita da ita shan hantsi, kuma duk ranar da ta sha rana sai wajen ya ƙara ja. Da muka kai ta wajen likitan fata a asibitin koyarwa, sai ya ce ni ma a ɗebi jinina. Sakamako ya nuna ina da wani abu wai shi anti-Ro. Ya ce lupus ne na jarirai, daga jinina ya tsallaka mata tun tana ciki. Ni kuwa in ban da ciwon gaɓoɓi jifa-jifa da bushewar ido, ban san ina ɗauke da komai ba. An duba zuciyarta aka ce ƙalau take, kuma kafin ta fara rarrafe tabban sun ɓace.

Yanzu ina da ciki sati 9. A wajen awo likita ya ce wannan karon zuciyar jaririn za a sa wa ido. Tun daga ranar barcina ya ragu. Me ya haɗa ƙurjin fata da zuciya? Kuma akwai abin da zan iya yi tun yanzu?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe ina aiki a ɗakin jarirai, bari in faɗa miki yadda abin yake.

Anti-Ro da ɗan'uwansa anti-La ƙwayoyin garkuwa ne da jikin uwa ke ƙerawa. Suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗan tayi. Idan fata suka taɓa, ko hanta, ko ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, yawanci abin na wucewa da kansa cikin wata 6 zuwa 8, lokacin da garkuwar uwa ta gama fita daga jikin yaro. Shi ya sa na Sumayya ya tafi.

Zuciya ce ba ta haka. Akwai wata 'yar mahaɗa da ke kai saƙon bugu daga saman zuciya zuwa ƙasanta. In ƙwayoyin nan suka kumbura ta har ta yi tabo, saƙon ya daina wucewa, bugun ya yi ƙasa. Ɗan tayi mai lafiya zuciyarsa na bugawa 110 zuwa 160 a minti ɗaya, wanda abin ya kama kuwa za ki ji 50 zuwa 70. In toshewar ta cika ba ta komawa, kuma fiye da rabin irin waɗannan yaran sai an sa musu na'urar daidaita bugun zuciya. Wasu kuma Allah na karɓar abinsa tun a ciki ko bayan haihuwa, ba zan ɓoye miki ba.

Amma ki riƙe lissafin da kyau. A cikin mata 100 masu anti-Ro, 1 zuwa 2 ne kawai jaririnsu ke samun toshewar. Wadda ta taɓa haifar mai ita, haɗarin maimaitawa na kaiwa wajen 18 cikin 100. Ke da taki ta tsaya a fata, haɗarinki ya fi 1 zuwa 2 ɗin can, shi ne dalilin maganar likitanki. Duk da haka mafi yawan jariran lafiya suke fitowa.

Lokacin da abin ya fi faruwa shi ne tsakanin sati 16 da 26. A nan ake yawaita hoton zuciyar ɗan tayi, wanda ya bambanta da sikanin da aka saba yi. Sannan ki tambayi likita batun wani magani mai suna hydroxychloroquine tun a wannan satin. Wani bincike a Amurka da aka fitar a 2020 ya nuna matan da suka taɓa haifar mai toshewar, da suka fara shan sa kafin ƙarshen sati 10, maimaitawar ta sauko zuwa kusan 7 cikin 100. Don Allah kada ki saya a kemis da kanki, a rubuta miki, a kuma duba idonki.

Ummu Khalil:
Maman Sumayya, ni ɗana na biyu da toshewar aka haife shi. A wajen awo ungozoma ta saurari cikin ta ce bugun ya yi sanyi da yawa, aka tura ni babban asibiti ranar. Shawarata ɗaya: ki haihu inda akwai likitan zuciyar yara, kada ki yarda a ce ki zauna gida don ta farko ta zo da sauƙi. Khalil yana da na'urar a jikinsa, yana zuwa islamiyya, yana guje-guje da 'yan'uwansa. Kuɗin sun ba mu wuya ƙwarai, sai da dangi suka haɗa hannu. Ku fara magana da maigidan tun yanzu.

Maman Sumayya:
Allah ya saka muku da alheri, ya raya Khalil. Anti, saura abu ɗaya da ke ci min rai. Tun da aka ce daga jikina ne, surukata ta kafe cewa nonona ne ba shi da kyau, wai in na haihu madara za a ba yaron. Na rasa bakin da zan ba ta amsa.

Anti Nas:
Ki shayar da abinki. Ta mabiyiya abin ke shiga tun yaro na ciki, ba a hana mai anti-Ro shayarwa, kuma hydroxychloroquine ma ba ya hana ta. Abin da za ku daina shi ne shan hantsin nan, rana na tayar da ƙurjin. In idon jariri ya yi rawaya asibiti za a kai shi a auna. Ranar awo mai zuwa ki roƙi Hajiya ta raka ki, likita ya faɗa mata da bakinsa, za ta fi karɓa daga wajensa. Ki kuma tafi da takardar gwajin jininki ta farko, a rubuta anti-Ro ɗin a katin awonki yadda duk wanda ya karɓe ki ranar naƙuda zai gani.