"Garin neman gira a rasa ido": wa aka yi wa wannan maganar?

Ɗan Ƙofar Doka: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa min kafin a fara dariya, na san halinku. Shekarata 34, sanƙo ya yi min sallama tun ina 28, gado ne, Baba ma haka ya rasu da abinsa. Wata biyu da suka wuce wani abokina ya haɗa ni da maganin shafawa, minoksidil mai kashi 5, na saya a wani kemis a Sabon Gari. Sati na uku kaina ya hau ƙaiƙayi kamar an watsa min ƙarara, amosani ya cika min hula, ɗan gashin da ya rage kuma ya kama zuba. In na tashi da safe matashin kaina sai ka ce ƙasan shagon aski. Duk wannan na shanye. Jiya muka je gaida Hajiya, sai ta ƙura wa maiɗakina ido ta ce, "Ke, mene ne wannan a gefen fuskarki?" Ashe wani siririn gashi ne ya fito mata daga kunne zuwa kumatu. Da na yi bayani Hajiya ta ce, "Garin neman gira za ka rasa ido." Na ce Hajiya ai ni ba gira nake nema ba, kai guda nake nema. Yaya yana zaune, ya ce na mayar wa Hajiya magana, har yanzu ba ya ɗaga wayata. To ina tambaya: wannan karin maganar ta hau kaina? A sanina ana faɗarta ne ga wanda ya bar babba ya bi ƙarami. Gashin kai ƙaramin abu ne?

Bakano a Samaru: Wa alaikumus salam. Kafin a shiga fassara, a yi mana bayani: kai ka shafa, matarka ta tsiro? Lallai komai na Zagezagi daban ne. Dama ku ne kuke cewa "mace ne", ga shi magani ya ɗauke ku da gaske.

Malam Tela Kwarbai: Bakano, a zauna lafiya, a garinmu kake cin abinci. Ɗan Ƙofar Doka, ni "gyaran gira" na sani, ba "neman gira" ba. Akwai bambanci. Mai gyara yana da abin, ƙari yake so, shi ne ake zargi da rashin godiya. Mai nema kuwa ba shi da shi. In Hajiya "nema" ta ce, to ta yi maka sassauci.

Maman Hanifa: Malam Tela, duka biyun ana faɗa. Kuma ba a nan gizo yake saƙa ba. Shi ya ce gashi ba ƙarami ba ne, to waye idon a wannan labarin? Matarsa ce. Fuskar mace aka taɓa. Ni da ni ce, da kwalbar ta kwana a masai.

Mai Kemis Tudun Wada: Bari in sa baki kafin a kashe aure. Wannan magani asalinsa na hawan jini ne. Kamfanin Upjohn na Amurka ya fitar da shi a ƙwaya, aka amince da shi a 1979, sai aka lura masu shansa gashi na tsiro musu har inda ba su nema ba. Daga nan aka mayar da shi na shafawa, ya fito da sunan Rogaine a 1988, mai kashi 2, mai kashi 5 ya biyo baya. Wato abin da kake saya da kuɗinka yau, da can shi ne illar. Zubar gashin da ka gani a farkon makonnin nan sananniya ce, tsohon gashi ne yake ba sabo wuri, kuma takan tsaya da kanta. Ƙaiƙayi da amosani yawanci daga ruwan da aka narkar da maganin ne, akwai sifirit da wani sinadari mai busar da fata, shi ya sa wasu suke komawa mai kumfa. Na uwargida kuwa matashi ne ya kai mata. Ana so ya bushe awa 2 zuwa 4 kafin a kwanta, a wanke hannu da sabulu, kowa da matashinsa. In ta daina haɗuwa da shi gashin zai tafi a hankali cikin 'yan watanni. In tana da juna biyu ko tana shayarwa, kada ya kusance ta ko jaririn. Kai kuma in ka ji faɗuwar gaba, jiri, ciwon ƙirji ko kumburin ƙafa, ka ajiye shi ka ga likita ranar. Mililita 1 ake shafawa sau 2 a rana, ba a ƙarawa don gaggawa.

Wanzamin Gyallesu: Ka manta babbar illar, Mai Kemis. Faɗa musu abin da ke faruwa in an daina.

Mai Kemis Tudun Wada: Wata 3 zuwa 4 sai kai ya koma yadda aka same shi.

Wanzamin Gyallesu: To kun ji. Gashin haya ne. Ka daina biya a fitar maka da kaya. Samari nawa ke zuwa shagona da jajayen kumatu suna saɓa kamar ƙadangare, wai gemu suke nema da shi. Ni dai a bar kaza cikin gashinta.

Bakano a Samaru: Kazar nan ai ba ta da gashin, shi ne matsalar.

Bazazzagiya: Ku tsaya in ba ku labarin kakata Iya, Allah ya jiƙanta, don ita wannan maganar ba karin magana ba ce a wurinta, abu ne da ya faru a gaban idonta. 'Yar Unguwar Juma ce, ta yi 'yanmatancinta zamanin Sarki Jafaru. Tana da ƙawa, Delu, tare suke tallan goro, tare suke zuwa dandali. Delu kyakkyawa ce, fara, doguwa, amma Allah bai ba ta gira ba, sai wani ɗan fili-fili kamar gonar da fari ya ci. 'Yanmata har waƙa suka sa ta a gaɗa. Da aka sa ranar bikinta abin ya dame ta, ta ce dangin miji za su buɗe mayafi su ga goshi har ido. Iya kuma ta taɓa jin wata tsohuwa a kasuwa tana cewa nonon tumfafiya in an kwaɓa shi da kwalli yana tsirar da gashi. Ba ta tambayi kowa ba. Saura kwana 3 a sa lalle ta ja Delu suka fita ta Ƙofar Gayan, bayan ganuwa, ta karya ganyen tumfafiya, ta tara farin ruwan a murfin tandu, ta kwaɓa, ta ce Delu ta ɗaga kai. Tana ja mata da tsinke, rana ta take, zufa ta kwaso abin ta gangaro da shi cikin ido biyun.

Maman Hanifa: Innalillahi. Tumfafiya fa!

Alhaji Na Kwangila: Irin aikin da aka yi mana a layinmu kenan. Titi ne da ɗan ramukansa muna lallaɓawa, wani ya zo neman ƙuri'a ya ce zai yi mana kwalbati. Aka kawo katafila aka farke titin, aka ɗauki hoto, aka tafi. Yanzu ba titi ba kwalbati, in an yi ruwa sai an goya yara.

Malam Tela Kwarbai: Alhaji, su ai ba su rasa ido ba, namu suka rasar. Kuma ka lura duk hularsu ba ta barin kai. Allah kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashi.

Bakano a Samaru: A shafa wa famfunan Zariya maganin nan mana, ko wani abu zai tsiro.

Bazazzagiya: Ku bari in ƙarasa mana! Kafin su iso gida Delu ta fara ganin hazo, kamar an shiga hunturu. Washegari ido ya yi ja, hawaye ba tsayawa, ba ta iya kallon haske. Suka yi alkawari ba za su faɗa wa kowa ba, don da uwar Delu ta ji da Iya ta sha tsumagiya. Aka sa lalle tana hawaye, aka yi wankan amarya tana hawaye, aka kai ta ɗakinta a Limancin Kona tana laluben bango. Mata kuwa sai yabo. Wai ba a taɓa ganin amarya mai son iyayenta haka ba. Uwar miji ta kira maƙwabta su zo su ga kunya: kwana 7 yarinya ba ta ɗaga ido ta dubi kowa ba, in an miƙa mata ƙwarya sai ta miƙa hannu gefe. Angon da kansa ya ƙara mata zane biyu. Wajen kwana 10 ido ya washe tas. Gira dai ba ta fito ba har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa tambaya. Sunan da ya bi ta a gidan shi ne Mai Kunya, har jikokinta da shi suka san ta.

Ɗan Ƙofar Doka: To kun gani! Ba ta rasa ido ba, riba ma ta ci.

Bazazzagiya: Ban gama ba. Delu ba ta ƙara yi wa Iya magana ba. Gari ɗaya, su haɗu a suna, su haɗu a makoki, sai dai gaisuwar da ba za a ce an yi gaba ba. Sama da shekara 50. Iya in ta ba mu labarin sai ta tsaya ta gyara goronta a kan magogi, ta ce, "Girar tata ce, idon nawa ne." Ita a ganinta maganar ba a kan mai nema take ba, a kan mai ba da shawara take. Ranar da aka aiko Delu ta rasu, Iya tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Maman Hanifa: Allah sarki. Allah ya jiƙansu duka. Amma Delu ta cika riƙo, tunda idon ya warke.

Malam Tela Kwarbai: Ba riƙo ba ne. Iya kaɗai ta san kunyar nan ta tumfafiya ce. Wa yake son zama kusa da wanda ya san asalin rawaninsa?

Alhaji Na Kwangila: Shi ya sa in sun ci zaɓe suke canja lambar waya.

Wanzamin Gyallesu: In haka ne abokin da ya haɗa shi da magani shi ne Iya. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. A kawo mana shi nan.

Ustaz Kusfa: Ni na ji wani liman ya kawo ta a huɗuba a kan masu cin bashi don biki, kuma ya ce gargaɗi ce, ana faɗarta kafin abu ya faru. In ya riga ya faru sai a ce "garin neman ƙiba an samo rama". Hajiya "za ka" ta ce, ba "ka" ba, don haka addu'a ce a cikin faɗa. Neman magani ba laifi ba ne. Mayar wa uwa magana shi ne abin dubawa. Tambayata ga Mai Kemis: yaya ake da shafar kai a alwala?

Mai Kemis Tudun Wada: Ana so a ba shi kamar awa 4 kafin ruwa ya taɓa wurin, Ustaz. Masu amfani da shi sukan shafa bayan Asuba, sai kuma bayan Isha'i, su ɗan yi hira kafin su kwanta. Wani abu da na manta: in akwai kyanwa a gidan a yi nesa da ita. Ɗan kaɗan in ta lasa a matashi ko a hannu yana iya kashe ta.

Bakano a Samaru: Yau kan mage ya waye da gaske.

Hajiya Babba Wusasa: Ni duk ban yarda da ku ba. Gira ba banza ba ce. Ita take tare wa ido zufa, labarin Delu ma shaida ne, da tana da gira da abin bai gangaro ba. Masu magana sun san haka. Abin da suke nufi shi ne abu biyu maƙwabtan juna, in ka taɓa ɗaya da garaje sai ka tsone ɗayan. Ba maganar babba da ƙarami ba ce, maganar hannu ce. Yaro, sanƙonka bai dame ni ba, amma ka saya wa yarinyar nan sabon matashi, ka kai wa Hajiyarka goro.

Malam Tela Kwarbai: Hajiya, da girmanki, in maganar hannu ce me ya sa ba a ce garin neman ido a rasa gira ba?

Hajiya Babba Wusasa: Saboda ba wanda zai yi kuka.

Ɗan Ƙofar Doka: Na gode jama'a, duk da har yanzu ban ji amsa ɗaya ba. Matashi an raba tun daren jiya, ba ma sai na saya ba, falo aka turo ni. Yanzun nan Yaya ya kira. Na ɗauka faɗa zai ƙarasa, sai da ya gama nasiha ya rage murya ya ce wai nawa ne kwalbar, kuma wata nawa take yi.

Wanzamin Gyallesu: Gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, shi kuma fetur yake tambaya.

Maman Hanifa: Kada ka faɗa masa. Ka ji abin da ya sami Iya.

Bakano a Samaru: Bazazzagiya, ni zannuwan nan biyu ne suka tsaya min a rai. Da angon ya gane, an mayar masa ko an cinye?

Bazazzagiya: Wa ya ce maka ya gane? Bari in tambayi Goggo in ta tashi daga barci, ita ta san dangin mijin.