Wa ya taɓa karɓar tallafin gina ma'ajiyar taki? Ku faɗa mana yadda aka kwashe

Mai shanun madara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa makiyaya. An buɗe neman tallafin gwamnati a inda nake, na gina wurin tara kashin dabbobi don ya daina gangarawa rafi. Takardun na hannuna, ban cike ba tukuna. Garkena yana kan tudu, rafi yana ƙasa, duk sanda aka yi ruwa sai ka ga wani baƙin ruwa yana bin gindin shinge yana sauka. Maƙwabtan da ke ƙasa sun fara magana, kuma da gaskiyarsu. Ina son ji daga bakin wanda ya taɓa shiga: kuɗin yana isa? Sharuɗɗan ba sa shaƙe mutum? Bayan an gama ginin, ruwan yana gyaruwa kuwa, ko dai siminti kawai aka ƙara?

Ma'aikacin gonar madara a Ingila:
Wa alaikumus salam Alhaji. Gonar da nake aiki ta shiga tallafin da aka buɗe a nan a ƙarshen 2022. A lokacin ana ba da daga fam 25,000 zuwa 250,000, da sharaɗin ma'ajiyar ta iya riƙe takin wata shida, kuma a rufe samanta da abin da ruwa ba ya ratsawa.

Wata shidan nan shi ne komai. Saniyar madara ɗaya tana fitar da kashi da fitsari da ya kai lita 50 zuwa 60 a rana, sai ka lissafa da garke guda. Da can tsohon raminmu yana cika ne a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙasa ta jiƙe sharkaf kuma ciyawa ba ta tsiro. Rami ya cika, ba yadda za ka yi, dole a ɗaura tanka a tarakta a fita. Na sha tsayawa a ƙarshen gona ina kallon abin da muka watsa da safe yana kwance a sawun tayoyi, kafin la'asar ya fara tsiyaya zuwa lambatu. Ba mugunta ba ce, wurin ajiya ne babu. Yanzu muna jira sai bazara ta shigo ciyawa ta fara neman abinci, sannan mu zuba. Ciyawar ta fi kyau, takin zamanin da maigidan ke saya ma ya ragu.

Dokar nan tun 2018 ta hana zuba taki a kan ƙasar da ruwa ya kwanta ko ƙanƙara ta rufe, ta hana zubawa ƙasa da mita 10 daga rafi, da mita 50 daga rijiya ko burtsatse. Amma doka ba ta hana rami cika.

Abin da za ka shirya wa: sai ka kashe kuɗinka ka kai rasit sannan a biya ka, kuma wani ɓangare ake biya, ba duka ba.

Mai kiwon kaji:
Yauwa, nan ne gizo ke saƙar. Ni kam, Alhaji, ƙaramin tallafi na samu, na daɓen siminti da rufin kwano a kan tarin kashin kaji. Aikin kansa ba wuya. Wahalar ita ce tsakanin ranar da ɗan kwangila ya miƙo hannu da ranar da ofishin ya turo kuɗi. Rance na ci na rufe, kuɗin ruwan rancen kuma ba wanda ya mayar mini. Mai babbar gona banki na gaishe shi, mu ƙanana kuwa sai ka ga mutum ya ci nasarar samun tallafi ya kasa karɓa. Na san waɗanda suka janye saboda wannan kaɗai.

Rufin dai ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Kashin yana zama a bushe, wari ya ragu, masu lambu suna zuwa har gida suna saya.

Malamin gona a Amurka:
Hajiya, abin da kika faɗa an san da shi a nan. Shirin tallafa wa manoma wajen kare muhalli da ake kira EQIP, wanda aka kafa a 1996 ƙarƙashin ma'aikatar gona, yana ɗaukar har kashi 75 cikin ɗari na aikin, sabbin manoma da masu ƙaramin ƙarfi kuwa har kashi 90, kuma su ana iya ba su rabin kuɗin tun kafin a fara. Alhaji ka duba takardunka da kyau ko akwai irin wannan ƙofa, sau da yawa tana nan, ba a faɗa ne sai an tambaya.

Aikina shi ne rubuta wa makiyaya tsarin amfani da taki, don ba a ba ka kuɗin ma'ajiya sai da shi. Mutane suna ɗaukarsa wahalar takarda, ni kuwa a wurinsa nake ganin abin mamaki. Kusan duk gonar da na auna ƙasarta labari ɗaya ne: filin da ke jikin garke ya ƙoshi da fosfaras, wani sinadarin abincin shuka da ke cikin taki, har ya yi yawa, filin da ke can nesa yana jin yunwa. Dalili? Taki mai ruwa nauyi gare shi, kai shi nesa man fetur ne da lokaci, sai kowa ya juye a kusa. Wannan fosfaras ɗin ne ruwa ke kwasa ya kai tafki, gansakuka ta rufe saman ruwa, in ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. A watan Agusta na 2014 sai da aka hana mutanen birnin Toledo shan ruwan famfo na 'yan kwanaki saboda gubar irin wannan gansakuka a tafkin Erie.

Dattijo mai sauraro:
Ku yi haƙuri yara, ni ina da ja. Wanda ya ɓata ruwa shi za a ɗebi kuɗin jama'a a ba shi ya daina? Na yi shekaru ina aiki a gonakin Holan. Tankuna kam akwai su, manya, masu murfi, ba abin da suka rasa. Amma dabbobin sun fi ƙarfin filin. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta ƙayyade kilo 170 na sinadarin naitirojin daga taki a kowace hekta a shekara, wato kamar saniyar madara biyu a hekta, ko ƙasa da haka. Da idona na ga manomi yana biyan kuɗi a zo da mota a kwashe masa taki, abin da a wani wurin ake roƙo. Tanki yana ba ka damar jira, ba ya rage ko cokali ɗaya na abin da ke ciki. In ba ka da filin da zai shanye, ka gina tanki goma ma, rafin zai samu rabonsa. Wani kuma da ya ga wuri ya samu sai ya ƙaro shanu.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ruwa:
Baba, maganarka dutse ce, sai dai mai shan ruwan ba zai iya jiran a gama wannan muhawara ba. Ruwan rijiyoyin da ake kawo mana daga kusa da garake, wani za ka ɗaga shi a kwalba garau, ba launi ba wari, amma naitiret ɗinsa, sinadarin da ke tsiyaya daga taki, ya haura miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Jarirai ne abin ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska. Tafasawa kuma ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi take yi don ruwan ne ke ƙonewa. Sannan ga ƙwayoyin cuta. A garin Walkerton na Kanada a 2000, ruwan sama ya wanke kashin shanu cikin rijiyar gari, mutum 7 suka rasu, sama da 2,000 suka kwanta. Alhaji, ka auna ruwan rijiyarka da na rafin yanzu kafin ka taɓa komai, in ba haka ba babu yadda za ka san ko ginin ya yi aiki.

Ma'aikacin gonar madara a Ingila:
Abu biyu na manta. Kafin ka auna girman tanki, ka hau ka duba indararon rumfunanka. Rufi mai murabba'in mita 1,000, in aka yi ruwan milimita 800 a shekara, lita 800,000 ke nan, ruwa mai tsabta da ba ruwansa da taki. In ya zubo tsakar garke ya gauraya, kai za ka ajiye shi, kai za ka ɗauke shi. Mu da muka raba hanyarsa daban, sai ga ramin ya daina cika da wuri tun ma kafin sabon gini.

Na biyu, ranar motsa takin da ya daɗe a ajiye, a fitar da dabbobi da mutane, a buɗe ko'ina. Iskar da ke tasowa a mintunan farko tana kayar da mutum nan take, kuma in ta yi yawa hanci baya jin warinta.

Mai shanun madara:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Baba, shanuna ba su fi ƙarfin filina ba, na lissafa yanzu, amma filayen nesa kam ba su taɓa ganin tanka ba, Malam ya faɗi gaskiya. Hajiya, rufin kwano da indararo suna cikin abin da aka biya ki, ko daɓen kawai?

Mai kiwon kaji:
Rufi da daɓe an biya, indararo daga aljihuna. Ka sa shi cikin ƙiyasin tun farko, don abin da ba ya cikin takardar amincewa ba sa kallon rasit ɗinsa. Kuma kada ka bari a haƙa ko taku ɗaya sai takardar ta zo hannunka.